Angon da Na Ɗauko daga Tamalalt

Da sunan Wanda ya shimfiɗa rairayi bai auna ba, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinsa bai manta ba, ya yanka wa kowane matafiyi ranar fita da ranar komowa. Bayan haka, ku gyara zama. Ni ne Nomau ɗan Shekarau, mutumin Kurnawa ta bakin Kogin Zanwa. Na ƙetare Tekun Rairayi sau biyu, na kwana a gidan da aka gina da gishiri, na ci gurasar da aka gasa a cikin yashi, duk don in gano abin da ya hana dabinon ubana haihuwa. Da na san inda mai laifin yake, da ban wahalar da raƙumata ba.

Ga yadda abin ya faro. Ubana falke ne a ƙuruciyarsa. Shekara talatin da biyu da suka wuce ciwon ciki ya kayar da shi a wani dausayi mai suna Tamalalt, can bayan hamada, ayarinsu ya wuce ya bar shi. Wani mai lambu da ake kira Yidir da matarsa Tamimt suka ɗauke shi, suka yi jinyarsa wata biyar kamar ɗan'uwansu na jini. Da ya warke, aka sami ayari mai zuwa kudu, Yidir ya cika masa taiki da dabino, suka sa ranar ban kwana. To, Baba mutum ne da zai iya tarar kura da sanda, amma ba zai iya bari a ga hawayensa ba. Sai ya bari Yidir ya tafi lambu, Tamimt ta hau saman rufi tana shanya, ya ɗauki taikinsa ya sulale, ko sai wata rana bai ce musu ba.

Dabinon ya ci a hanya, ƙwallayen ya adana. Da ya iso gida ya shuka su a fadamar bayan gidanmu, talatin da takwas suka rayu. Mutanen Kurnawa ba su taɓa ganin dabino ba sai a faifan 'yan koli, saboda haka suka yi ta yi masa dariya, har ranar da bishiyoyin suka fara zubo nono. Daga nan dariya ta koma gaisuwa. Shekara tara muna ci muna rabawa. Biyar ne kawai a cikinsu ba su taɓa ba da ko ƙwara ɗaya ba, sai ƙiba da wani farin gari da suke zubarwa, Baba da kansa ragwaye yake ce musu. A shekarar da zan auri Lantana, Baba yana can wata kasuwa mai nisa, na sare biyar ɗin na yi azarar ɗakin amarya. Ya dawo ya ga kututturan, ya wuce abinsa.

Shekarar da ta biyo, sauran talatin da ukun suka yi huda kamar kullum, suka fitar da 'ya'ya ƙanana, suka kakkaɓe su tun suna kore. Haka ta gaba, haka ta gaba da ita, har shekara goma sha ɗaya. Ba irin taki da rubutu da turaren da ba mu gwada ba. Baba ya tsufa, idonsa ya tafi, sai ya zauna ya yi ta tunani, har ya yanke wa kansa hukunci. Wata safiya ya kira ni ƙarƙashin bishiyoyin.

Ya ce, "Nomau, na gano. Haƙƙin mutanen nan ne. Sun ba ni rai, na saka musu da gudu. Allah ya jinkirta mini ne kawai, yanzu ya kama."

Na ce, "Haba Baba, shekara talatin wa zai riƙe mutum a zuciya?"

"Ba ka san Tamimt ba," in ji shi. "Je ka ka roƙa mini gafara. Ba na so in tsaya gaban Allah da wannan a wuyana, kuma ka ga dai yadda na koma."

Na dube shi, na ga gaskiya ya faɗa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ni, kuma tsoro ya kama ni, kada in dawo in tarar da ƙasa ta rufe shi da wannan baƙin ciki. Kwana uku bayan nan na bi ayarin Madugu Korau, a kan raƙumata Gwamma, dabba mai haƙuri amma marar kunya wajen ci.

Wata biyu muna tafiya muka isa Birnin Gishiri, inda katanga gishiri ce, daɓe gishiri, har gadon kwana gishiri, kuma addu'arsu kullum ita ce Allah ya kiyashe su da ruwan sama. An gargaɗe mu mu ɗaure bakin dabbobinmu, na manta. Kafin in gama cin abincin rana, Gwamma ta lashe bangon gidan alƙali har ta huda shi, kanta ya leƙa cikin ɗakin uwargida. Aka kama ni, alƙali ya ce sai dai a yanka raƙumar. Ina durƙushe ina zufa, sai na lura mayafin uwargidan yana kaɗawa, ta kuwa ƙi matsawa daga bakin hujin. Garin nan kaf babu taga. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a tambayi mai ɗakin, in ta ce a toshe, a yanka." Aka tambaye ta, ta ce duk wanda ya toshe hujin nan shi zai riƙa yi mata fifita. Kafin mu bar garin Gwamma ta yi wa gidaje bakwai taga, ta sha rijiyar wani bawan Allah saura kaɗan ta ƙafe.

Daga nan muka shiga Tekun Rairayi. A tsakiyarsa akwai tuddai masu kiɗa. Da rana tsaka za ka ji kalangu da gangi suna tashi daga bayan tudu, kamar ana biki a can, wanda ya bi kuwa ba ya dawowa. Madugu Korau ya san ni da son kiɗa, bai ko yi shawara da ni ba, ya sa aka ɗaure ni a jikin sirdi. Na zage shi, na roƙe shi, na rantse masa muryar makaɗin unguwarmu nake ji. Ya ce, "Zagi dai, ɗan Shekarau, gobe ka gode." Gobe kuwa na gode.

A wata na huɗu, da hantsi, muka hau wani dutse ja, sai ga Tamalalt a ƙasa, kore shar, bishiyoyin dabino sun fi a ƙirga, gidaje farare sun manne da juna a gefe. Mutanen wurin Barbarawa ne, ba Barebarin da kuka sani ba, su kuma Imazighan suke kiran kansu, wai 'yantattu. Abin da ya fara ba ni mamaki shiru ne. Gari guda, amma ba ka jin daka, ba ka jin talla, ba mai ƙwala wa wani kira. Titunansu a rufe suke da rufi, ka yi ta tafiya cikin inuwa mai sanyi, maza na zaune a kan dakali suna magana ƙasa ƙasa. Mata kuwa ba ka ganin ko ɗaya, domin garinsu daban ne a sama. Rufin kowane gida ya haɗu da na maƙwabci, can suke da hanyoyinsu da kasuwarsu, mace ta je ƙarshen gari ta dawo ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Ruwansu ma ba ya surutu. Daga duwatsu yake zuwa ta wata hanya da kakanninsu suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, ya ɓullo a lambu a hankali.

Ni kuwa a Kurnawa ma an san ni da murya. Na tsaya a ƙofar gidan Yidir da aka nuna mini na rafka sallama irin tamu. Tattabaru suka tashi daga rufin gidaje goma, wani tsoho da ke gyangyaɗi ya faɗo daga dakali. Aka buɗe ƙofa, wani dattijo siriri mai farin gemu ya dube ni tun daga ƙafa har kai, ya yi murmushi, ya ce da Hausa tsaf, irin ta tsofaffin fatake, "Wannan murya na san ta. Shigo."

Yidir ne. Na buɗe baki zan faɗi abin da ya kawo ni, ya ɗora yatsa a leɓensa. A al'adarsu ba a tambayar baƙo sunansa ko buƙatarsa sai ya kwana uku, shi ma ba ya faɗa. Wai kada ya zama buƙatarsa aka ciyar, ba shi ba. Ku duba mini wannan azaba: na yi wata huɗu ina riƙe da magana a baki, ga mai ita a gabana, an ce in haɗiye.

Da la'asar wata tsohuwa gajera ta sauko daga sama, da zanen shuɗi a haɓarta da awarwaron azurfa har gwiwar hannu. Ita ce Tamimt, tsufa ya ba ta izinin sauka inda ta ga dama. Ta ajiye mini akushin wani abinci mai kama da burabuskonmu, da romon rago da kabewa a kai. Ta ƙura mini ido, sannan ta dafe cikinta, ta langaɓe kai, ta ce da muryar Baba sak, "Wayyo cikina, wayyo zan mutu." Ta tuntsure da dariya marar ƙara ta koma sama. Ashe tun daga ƙofa sun gane ɗan wa ne ni, al'ada ce kawai ta hana su faɗa.

Kwana ukun nan na yi su ina ci ina kallo. Na ci gurasar da Yidir ya binne cikin yashi mai zafi da toka, ya tono ya kakkaɓe, ko tsakuwa ɗaya ban tauna ba. Na sha shayi kofi uku uku, kowanne sai an ɗaga buta sama an tsiyayo har ya yi kumfa. Na ga bargunan da Tamimt ke saƙa, da wasu zane zane na ɗigo da da'ira da na ɗauka ado ne, ashe rubutunsu ne, kuma uwa ce ke koya wa ɗa. Na kuma ga maza suna hawa dabino da igiya a ƙugu, suna rera wata waƙa a hankali, da wasu fararen tsinkaye soke a rawani. Ban tambaya ba, na ɗauka ado ne shi ma.

Rana ta huɗu da safe Yidir ya shimfiɗa bargo a tsakar gida, Tamimt ta zauna a gefe. Na durƙusa na zayyana musu komai, har da yadda wuyan rigar Baba ya yi masa yawa. Na ce, "Baba Yidir, Inna, ya ce ku yafe masa don Allah, ku saki dabinonsa."

Yidir ya daɗe yana share ido da bakin rawani. Ya ce, "Ɗana, ni ranar ma daɗi na ji. Na tafi lambu ne don kada in yi kuka a gabansa."

Tamimt ta yi magana da harshensu, da sauri, tana nuna ni da yatsa. Yidir ya fassara: "Ta ce ita ba ta ji daɗi ba. A nan baƙo ba ya tafiya sai uwar gida ta zuba ruwa a bayan sawunsa, don hanya ta yi masa sanyi. Ta ɗebo ruwan ta sauko, ta tarar ba kowa. Ta ce akuya ta ba ruwan. Ta ce ta yi fushi da shi shekara talatin da biyu, kuma tana nan tana yi. Amma fushinta bai taɓa busar da ko albasa ba, balle dabino."

Sai ta jefo tambaya, Yidir ya juyo da ita: "Maza nawa gare ku?"

Na ce, "Mu huɗu ne, ni ne na uku."

"Ba ku ba. Bishiyoyin."

Na yi dariya, na ce itace kuma da namiji? Suka dubi juna. Tamimt ta miƙe ta ja mayafinta, muka bi ta har lambu. A daidai inda ruwa ke ɓullowa, wuri mafi kyau a lambun, ga wata bishiya ƙatuwa, an share gindinta tas, a samanta wasu kube sun tsage, farin gari yana zubowa. Ina ganinta na gane ta.

Na ce, "Af, ku ma kuna da irin ragwayen nan? Biyar muke da su. Ni na sare su, azararsu kuwa ba ta da na biyu."

Na faɗa muku Tamalalt gari ne mai shiru. To, shirun da ya biyo bayan maganar nan ban taɓa jin irinsa ba. Wani mai ban ruwa da ke kusa ya saki fartanyarsa. Tamimt ta ɗora hannu biyu a ka. Yidir ya tambaye ni a hankali wace shekara na sare su, na faɗa, ya tambaye ni wace shekara dabinon ya daina, na buɗe baki zan faɗa, sai na gane lissafin. Na zauna daɓas a cikin laka.

Ya tsuguna kusa da ni ya yi mini bayani kamar yadda ake yi wa yaro. Dabino mace da namiji ne. Namiji ba ya haihuwa, amma in garin furensa bai taɓa hudar mace ba, 'ya'yanta ba sa yin ƙwallo, zubewa suke. A Kurnawa iska ce take yi mana aikin ba mu sani ba. A Tamalalt ba sa barin wa iska, da hannu suke kai fure, tsinke uku cikin kowace huda, su ɗaure da ganye. Auren dabino suke kiransa, kuma lokacinsa ne na zo.

Kunya ta rufe ni, baƙin ciki ya fi ta. Shekara goma sha ɗaya tsohon nan yana tuhumar kansa, ni kuwa ina kwana lafiya a ƙarƙashin laifina, har ina nuna wa baƙi kyan azara. Na yi kuka a gaban mai ban ruwa, ban damu ba.

Da na nutsu na ce, "Baba Yidir, ku sayar mini da furen nan, ko nawa ne."

Ya ce, "Ba a sayar da ango. Ba a kuma hana shi. Amma ba a ba wanda bai taɓa ɗaura auren da hannunsa ba. Gobe za ka hau."

Ni mutum ne mai jiki, abin da na taɓa hawa mafi tsawo shi ne Gwamma. Ranar farko na kai rabi na zamo, na bar fatar ƙirjina a jikin itace. Rana ta biyu na kai sama, ƙayar gindin reshe ta shige mini hannu har na ga taurari da rana. Rana ta biyar na iya zama cikin igiya, in buɗe kube, in sa tsinke uku a kife, in ɗaure ba tamau ba. Saura waƙa. Ashe addu'a ce, kuma sanarwa ce ga matan da ke kan rufi cewa namiji ya hau sama, su ja mayafi. Kowa tasa rerawa iyakarta gida biyu ko uku. Da na rera tawa, aka ce mata har ƙarshen gari sun rufe fuska, kasuwar sama ta watse. Tun daga ranar yara da manya suka sa mini wani suna da Yidir ya ƙi fassara mini, amma duk wanda ya faɗa sai ya kawo mini dabino ko cuku, saboda haka na amsa.

Na yi wata guda ina aikin lambun Yidir, bishiya sittin na aurar. Tamimt ta shanya mini furen namiji a inuwa, ta naɗe a farin ƙyalle, ta sa a jakar fata. Ta ce in bai jiƙe ba zai kai shekara da ƙarfinsa. Yidir ya cire mini ɗan tsiro daga gindin babban namijin nan, ya naɗe saiwarsa da jiƙaƙƙen tsumma, don gaba.

Ana gobe tafiya muna shan shayin la'asar, na ce, "Baba Yidir, na yi tunani. Zan ce masa kun yafe, kun kuma ba da magani. Ba sai na tayar da zancen gatari ba. Tsoho ne, me zai ƙara masa?"

Yidir ya juya kofi a hannunsa. Tamimt ta sa ya fassara mata, sannan ta matso, ta kama kunnena kamar ita ta haife ni. Wannan karon da Hausarta ta yi magana, guntu guntu.

"Kai ɓoye, shi mutu, ya ce Tamimt mugu. Ya ce Tamimt riƙe dabino shekara goma. Ni ba mugu. Ni dafa masa kunu wata biyar."

Ta saki kunnen. Ta kama ni a inda nake ɓoyewa. Ba Baba nake tausayi ba, kaina nake.

Da safe gari ya rako ni har bakin dutse, ba hayaniya, sai dafa kafaɗa. Na yi ban kwana da kowa, na rungume Yidir muka yi kukan da shi da Baba suka guje wa. Na ja Gwamma na fara tafiya, na ji an watsa ruwa a bayan sawuna. Na yi taku uku, na ji an sake watsa wani. Yidir ya ɗaga murya, karo na farko da na ji ya yi haka: "Na biyun na Shekarau ne! Ta ce ka gaya masa fushi ya ƙare!"

A komowa ayarinmu ƙarami ne, ruwa kuma ya yi mana wuya. Rabon da ake ba ni a salka, rabi nake sha, rabi in jiƙa tsumman ɗan tsiro, har leɓuna suka tsage. Kwana ashirin da barin Tamalalt mahara suka tare mu, masu baƙin rawani, ido kawai ake gani. Suka kwashe kaya, suka tuɓe mini riga da takalmi. Babbansu ya zare jakar fatar daga wuyana yana zaton zinariya ce, ya buɗe ya ga busassun tsinkaye, ya miƙa wa wani ya hura musu wutar shayi da su.

Ban san lokacin da na rera waƙar hawan dabino ba, da dukan muryar da Allah ya ba ni. Raƙuma suka zabura. Mai hura wuta ya tsaya cak. Babban ya karɓe ƙyallen ya sansana, ya tambaya ta bakin wani ɗan ayarinmu, "Ina za ka kai ango?"

Na ce, "Amare talatin da uku ke jiransa shekara goma sha ɗaya."

Ya naɗe ƙyallen da hannu biyu, ya mayar cikin jaka, ya rataya mini. Duk mutumin hamada dabino ne ya raine shi, ko ɓarawo ba ya tare mai rakiyar ango. Ya roƙi tsinke shida saboda wasu bishiyoyinsu da ke ɓoye a wani kwari, na ba shi. Ya bar mini Gwamma, ya cika mini salka. Rigar dai bai mayar ba, wai ita ba ta cikin al'ada.

Na shiga Kurnawa a ƙarshen sanyi, da bargon Tamimt a kafaɗa, kuben dabinonmu sun fara kumbura. Baba yana da rai, amma sai an ɗaga shi ake zaunar da shi. Na durƙusa a gabansa, ya shafa fuskata da hannu.

Ya ce, "Sun yafe?"

Na ce, "Baba Yidir ya ce shi ma gudun kuka ne ya kai shi lambu. Inna Tamimt ta yi fushi, amma ta zuba maka ruwanka, da kunnena na ji. Sai dai Baba, ba su ne suka riƙe dabino ba. Ba kai ba ne kuma. Ni ne."

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Lantana na bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Can ya ce, "Azarar ta yi ƙarko?"

Na ce, "Ko gara ba ta taɓa ta ba."

"To, da sauƙi." Ya lalubo sandarsa ya ɗan buga mini a kafaɗa, bugun da ko ƙuda ba zai kashe ba. "Ranar da na dawo na ga kututturan nan, a raina cewa na yi yaron nan ya rage mini aiki. Jakai biyu ke nan a gida ɗaya." Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, ya bar hawayen suna zuba a gaban kowa. "Ashe ba ta riƙe ni ba," yake ta faɗa. "Ashe ba ta riƙe ni ba."

Na dasa ɗan tsiron a bakin ruwa. Da kube suka tsage na ɗaura igiya na hau, ɗaya bayan ɗaya har talatin da uku, mutanen Kurnawa sun taru a ƙasa suna cewa hamada ta taɓa wa ɗan Shekarau kai. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiya, yana jin waƙata yana gyara mini inda na karkace, don shi ya taɓa jin ta wata biyar daga kan gadon jinya, bai san ta mece ce ba.

Dabino wata shida yake kafin ya nuna, kuma duk mun san Baba ba shi da wata shida. Bayan wata biyu, lokacin da 'ya'yan suka saba zubewa, ya ce in hau in tsinko masa ɗaya. Na ce, "Baba, ɗanye ne shar, bauri zai kama maka baki." Ya ce in ba zan hau ba shi ya hau. Na tsinko, na sa masa a tafi. Ya murza shi da yatsa, ya kai baki, ya gatsa da 'yan haƙoran da suka rage masa. Fuskarsa ta yamutse don bauri. Sai muka ji ƙas.

Ya tsaya. Ya juya harshe, ya turo abin a tafin hannunsa, ɗan fari, bai gama ƙwari ba.

Ya ce, "Nomau, akwai ƙwallo." Ya tauna sauran ɗanyen dabinon nan duka ya haɗiye, ya miƙo hannu. "Ƙaro mini."

Kwana goma sha tara bayan haka muka kai shi makwancinsa. Dabinon ya nuna da kaka, har rassa suna rinjaya, Kurnawa kaf ba gidan da bai ci ba.

Iyakar abin da na gani ke nan, ni Nomau ɗan Shekarau. Wanda ya ji ya yi wa tsohon addu'a, ya haɗa da mutum biyu a Tamalalt.